Daren Brooklyn Homes: Horon Masu Raba Faɗa a Baltimore da Giɓin da Ya Bari

A daren Asabar, 1 ga Yulin 2023, ɗaruruwan mutane suka cika harabar rukunin gidajen gwamnati na Brooklyn Homes da ke kudancin birnin Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka. Bikin unguwa ne da aka saba yi kowace shekara, ana gasa nama, ana kiɗa, yara suna ta guje-guje. Jim kaɗan bayan sha biyu da rabi na dare sai harbi ya ɓarke. Mutum 30 harsashi ya samu. Biyu suka rasu, budurwa 'yar shekara 18 da saurayi ɗan shekara 20, kuma kusan rabin waɗanda aka harba ba su kai shekara 18 ba.

Sakacin 'yan sanda a wannan dare ba ɓoyayye ba ne. Bikin ba shi da takardar izini, ba a tura jami'an da za su tsaya a wurin ba, mutanen unguwa sun yi ta kiran lambar gaggawa tun da sauran dare, har da wanda ya ce ya ga mutane ɗauke da makamai. Jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya yi shawagi a sama ya ga yawan taron, amma ba a yi wani abin kirki ba. Richard Worley, wanda ke riƙon ƙwaryar shugabancin rundunar a lokacin, ya amsa a gaban majalisar birni cewa sun gaza, kuma rahoton da hukumomin birnin suka fitar a ƙarshen Agusta ya ɗora alhaki mai yawa a kan halin ko-in-kula na jami'ai.

Sai dai akwai wasu mutanen da suke cikin taron tun da yamma, sanye da riguna ruwan lemo, waɗanda aikinsu kenan hana irin wannan. Ma'aikatan shirin Safe Streets ne, reshen Brooklyn, wanda ƙungiyar agaji ta Catholic Charities ke gudanarwa da kuɗin birni. Bisa ga rahoton, sun shiga tsakani sau biyar a wannan maraice sun kashe wutar rigima. Lokacin aikinsu ya ƙare ƙarfe 11 na dare. Suka tafi gida. Ba su sanar da kowa a ofishin magajin gari cewa taron ya fi ƙarfin yadda aka saba ba, domin babu wata ƙa'ida da ta ce su yi hakan, kuma babu wanda ya taɓa horar da su a kai.

Wannan giɓi ne abin nazari a nan. Amma ba za a fahimce shi ba sai an san irin horon da ake ba mutanen, da dalilin da ya sa aka gina shi a haka.

Asalin tsarin

Likita ne ya ƙirƙiro shi. Gary Slutkin ya yi shekaru yana yaƙi da tarin fuka da kwalara a Somaliya, sannan ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya kan cutar ƙanjamau a Yuganda da wasu ƙasashen Afirka. Da ya koma Chicago a 1995, sai ya lura taswirar harbe-harbe ta yi kama da taswirar annoba: abin yana taruwa a wasu 'yan tituna, kuma harbi ɗaya ne ke haifar da na gaba ta hanyar ramuwar gayya. Ya ce to a yi masa irin maganin annoba, wato a nemo inda yake yaɗuwa a katse shi. A shekarar 2000 aka fara gwaji a unguwar West Garfield Park da sunan CeaseFire, wanda daga baya ya koma Cure Violence.

Baltimore ta ɗauki tsarin a 2007, ta fara da unguwar McElderry Park a gabashin birni, a ƙarƙashin sashen lafiya. Birni ne ke ba da kuɗi, ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni su ɗauki ma'aikata su gudanar da ofisoshi. A hankali rassan suka kai goma.

Wa ake ɗauka aiki? Da ɗan gari akan ci gari. Ana neman mutumin da ya tashi a unguwar, wanda samari masu riƙe bindiga suka san shi kuma suke jin nauyinsa. Da yawansu sun taɓa zaman gidan yari, wasu an taɓa harbinsu, wasu sun binne 'yan'uwa. Wannan tarihin shi ne takardar shaidarsu. Yaron da ya fusata ba zai tsaya sauraron jami'in jin daɗin jama'a mai digiri biyu ba, amma zai iya tsayawa ya ji ta bakin wanda ya san babansa kuma ya bi hanyar da yake shirin bi.

Abin da ake koyarwa

Horon farko a wannan tsari yakan ɗauki kamar awa 40, wato mako guda na aiki, sannan a riƙa ƙarawa lokaci-lokaci. Ana koya wa sabon ma'aikaci yadda zai gane wanda ya fi kusa da harbi ko a harbe shi: matashi ne, bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, an harbe shi ko an harbi wani nasa kwanan nan, an san shi da ɗaukar makami. Ana kwaikwayon rigima a cikin aji, ɗaya ya zama wanda aka ci wa mutunci, ɗaya ya zama mai shiga tsakani, sauran su zuba ido su faɗi inda aka yi kuskure.

Dabarun kansu ba wasu baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa raba faɗa. Babbar cikinsu ita ce jan lokaci. Wanda zuciya ta ɗebe shi yanzu, in aka samu ya kai gobe da safe bai yi harbi ba, an ci rabin nasara. Don haka ma'aikaci zai ja shi gefe, ya sa shi a mota su zagaya, ya saya masa abinci, ya bar shi ya yi ta zage-zage har ya gaji. Ba a ce masa ba shi da gaskiya. Ana tuna masa 'yarsa ƙarama, da shekarun da zai yi a ɗaure, da mahaifiyar da za ta riƙa zaryar ziyara. In akwai bashi a tsakani a nemi yadda za a biya. In maganar mutunci ce, a samo hanyar da kowa zai janye ba tare da an ce ya ji tsoro ba, wanda shi ne mafi wuya, domin yawancin rigingimun nan a kan raini ne, da mace, da abin da wani ya rubuta a Instagram, fiye da yadda suke a kan cinikin ƙwaya. Idan kuma harbin ya riga ya faru, ana so cikin kwana uku ma'aikata su tara mutanen unguwa a daidai wurin, a fito fili a nuna ba a yarda ba, yayin da wasunsu ke bin dangi da abokan wanda aka harba don kada a rama.

Akwai dokoki biyu da ake nanatawa tun ranar farko. Ma'aikaci ba ya ɗaukar makami. Kuma ba ya kai wa 'yan sanda labari. Ta biyun ce ginshiƙin aikin baki ɗaya. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa masu rigar ruwan lemo infoma ne, ranar aikin ya mutu, wataƙila har da ma'aikacin. A birnin da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta binciki rundunar 'yan sandansa bayan mutuwar wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, a hannunsu a 2015, ta kuma same ta da cin zarafin baƙar fata, ba sai an yi dogon bayani kan dalilin da ya sa matasa ba sa son ganin mutum yana raɗa da ɗan sanda ba.

Duk wannan horo ya fuskanci waje guda: yadda za a ceci ran wani. Ran ma'aikacin kuwa, an ɗauka martabarsa a unguwa ce za ta kare shi.

Gawa uku cikin shekara guda da kwana biyu

Na tsawon shekaru wannan zato ya yi kamar gaskiya ne. Sai ranar 17 ga Janairun 2021 aka harbe Dante Barksdale da rana tsaka a rukunin gidaje na Douglass Homes. Shekararsa 46, ya fi shekara goma a Safe Streets, shi ne fuskar shirin, kuma aminin magajin gari Brandon Scott ne. In martaba na tare harsashi, da shi ta fara tarewa. Mutumin da aka gurfanar kan kisan, kotu ta wanke shi a 2022.

A farkon Yulin 2021 aka harbe wani tsohon hannu na reshen Cherry Hill har lahira, 'yan kwanaki bayan unguwar ta yi bikin cika shekara guda ba a kashe kowa ba a yankin da reshen ke kula da shi. Ranar 19 ga Janairun 2022 kuma aka buɗe wa mutum huɗu wuta a titin East Monument, uku suka mutu, ciki har da ma'aikacin reshen McElderry Park ɗan shekara 29 wanda bai daɗe da kama aikin ba, yana kuma koyon walda da rana. A bakin aiki ajali ya same shi.

Bayan haka ne ofishin magajin gari mai kula da tsaron unguwanni, wanda ake kira MONSE, ya yi wa shirin binciken cikin gida. Abin da ya fito a 2022 ba daɗin ji: sa ido ya yi ƙaranci, kusan rabin ma'aikatan da aka tambaya sun ce horon da aka ba su bai wadatar ba, kuma fiye da rabi sun ce abin da suke gani a wurin aiki ya bar musu tabo a zuciya. Wani binciken da masana suka yi a Chicago, aka wallafa a ƙarshen shekarar, ya nuna matsalar ba ta Baltimore kaɗai ba ce. A cikin masu irin wannan aiki da aka tambaya a can, kashi 60 cikin ɗari sun ga an yi yunƙurin harbin wani suna bakin aiki, kashi 20 su aka auna da bindiga aka harba, kashi 2 kuma harsashin ya same su. Mutum ne ke shiga inda ɗan sanda ke shiga, ba rigar sulke, ba rediyon kiran ɗauki, albashinsa kuma bai kai na ɗan sandan ba.

Birnin ya yi gyara. An tattara rassan goma a hannun manyan ƙungiyoyi biyu, Catholic Charities da cibiyar Center for Hope ta rukunin asibitocin LifeBridge Health, maimakon ƙananan ƙungiyoyi barkatai da kowace ke da nata salon. An yi alkawarin ƙarin albashi, ƙarin horo da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata. A ganina gyara ne mai ma'ana, domin ƙaramar ƙungiyar unguwa da ke fama da biyan haya ba ta da halin ɗaukar likitan ƙwaƙwalwa ko tsara horon kariya mai inganci. Amma gyaran bai taɓo tambayar da Brooklyn Homes za ta jefo shekara guda bayan haka ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya

A tsaya a dubi halin da ma'aikacin nan yake ciki da misalin ƙarfe goma da rabi na wannan dare. Ya raba rigima ta biyar. Yana ganin fuskokin da bai sani ba, domin labarin bikin ya bazu a intanet, matasa sun zo daga wasu unguwanni. Wannan kaɗai ya rage masa ƙarfi, tunda jarinsa shi ne sanayya, kuma baƙo ba ya jin kunyar wanda bai sani ba. Tsofaffi da masu ƙananan yara sun fara watsewa, taron ya koma na samari zalla. Shi da abokan aikinsa 'yan ƙalilan ne a tsakiyar ɗaruruwa. Nan da rabin awa lokacinsa ya cika.

Me horonsa ya ce ya yi? Ya koya masa yadda zai yi da mutum biyu masu husuma, ko gungu biyu da ya san shugabanninsu. Bai koya masa yadda ake auna taro ba, wato a gane lokacin da abin ya tashi daga rigingimun da ake rabawa ɗaya bayan ɗaya ya zama haɗarin da ya shafi kowa. Ya gaya masa wanda ba zai kira ba. Bai gaya masa wanda zai kira ba. Ga shi kuma ofishin da ke sama da su yana cikin sauyin hannu, domin shugabar MONSE, Shantay Jackson, ta bar aiki a ƙarshen Yuni, Stefanie Mavronis ta karɓi riƙo a daidai wannan ƙarshen mako.

'Yan majalisar birni da wasu kafofin labarai sun yi wa shirin ca. Suka ce ana kashe miliyoyin daloli a kan mutanen da suka ga hadari ya haɗo suka kama hanyar gida. Masu kare shirin suka ce ba a ɗauke su aikin tsaron taro ba, kuma tsare taron mutum ɗari takwas aikin 'yan sanda ne da suka ƙi zuwa. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma ni ban ga laifin ma'aikacin da ya tashi a lokacin da aka rubuta masa ya tashi ba. Laifin yana wurin waɗanda suka tsara aikin suka ɗauka "kada ka kai rahoton mutum" da "kada ka gaya wa kowa komai" abu ɗaya ne. Cewa "wane yana da bindiga a ƙugu" tona asiri ne. Cewa "taron nan ya wuce ƙarfinmu, a turo motar asibiti a kusa, a zo a kashe kiɗa a sallami mutane" ba ya ɗauke da sunan kowa. Shekara 16 shirin yana aiki ba a zauna an raba waɗannan biyun a rubuce ba.

Haka kuma maganar lokacin tashi. Jadawalin da ke ƙarewa ƙarfe 11 an yi shi ne don ranakun yau da kullum. Bikin da kowa a unguwa ya san da zuwansa, ma'aikatan ma sun sani, ya cancanci a yi masa shiri na daban: a tsawaita awanni, a biya kuɗin ƙarin lokaci, a aro ma'aikata daga Cherry Hill da ke maƙwabtaka. Wannan shawara ce ta shugabannin ƙungiya, ba ta wanda ke tsaye a fili ba. Sau da yawa in an ce horon tsaro, ƙananan ma'aikata ake tarawa a ɗaki, manyan su zo su buɗe taro su fice, alhali rabin abin da ke kare ma'aikaci a teburinsu ake yanke shi.

Bayan rahoton, MONSE ya fito da ƙa'idar ɗaga magana zuwa sama. Rassa za su riƙa sanar da ofishin manyan tarukan da ke tafe, kuma idan ma'aikata suka ga alamar haɗarin da zai rutsa da jama'a da yawa, su gaya wa shugabanninsu, su kuma su isar ga ofishin magajin gari, wanda zai iya tada sauran hukumomi. Ma'aikaci ba ya kiran ɗan sanda da kansa, ba ya kuma ba da suna. Ko wannan siririn layi zai riƙe a idon samarin unguwa, abu ne da sai an daɗe ana gwadawa, domin yaron da ya ga motar 'yan sanda ta iso minti goma bayan mai rigar ruwan lemo ya ɗaga waya ba zai tsaya karanta ƙa'ida ba.

Shin aikin yana ci kuwa?

Dole a yi wannan tambaya, domin in shirin ba ya rage kisa, to babu hujjar jefa ran kowa cikin haɗari. Masana na Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Daniel Webster, sun bi diddigin shirin tun farkonsa. Binciken 2012 ya nuna kisa ya ragu da kashi 56 cikin ɗari a Cherry Hill, amma a wasu rassan sakamakon ya cakuɗe. Na 2023, wanda ya fito watanni kaɗan kafin daren Brooklyn, ya ƙiyasta cewa a rassa biyar mafi daɗewa kisa ya ragu da kashi 32 a shekaru huɗun farko, harbin da bai kai ga mutuwa ba kuma ya ragu da kashi 23 idan aka haɗa dukkan rassa. Abin da ke maimaituwa a duk binciken shi ne bambanci tsakanin reshe da reshe. Inda ma'aikata suka cika, shugaban reshe ya daɗe, kuɗi na zuwa a kan kari, ana ganin amfani. Inda ake ta canza hannu, babu.

Ɗaukar mutanen da suka fito daga harkar laifi ma yana da nasa farashin. A 2015 'yan sanda sun kai samame ofishin reshen gabashin birni suka ce sun samu bindigogi da ƙwaya, aka dakatar da reshen na wani lokaci. A Oktoban 2023 hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ta binciki ofishin reshen Belair-Edison. Duk ƙungiyar da za ta yi irin wannan aiki ta san wani lokaci za ta ɗauki wanda bai gama tuba ba, kuma tantancewa da sa ido ɓangare ne na kare sauran ma'aikata, tunda abokin aikin da ƙafarsa ɗaya ke cikin harka yana jawo wa kowa abokan gaba.

Kisa a Baltimore ya sauka sosai tun daga lokacin. Birnin da ya yi shekara takwas a jere, daga 2015 zuwa 2022, yana binne fiye da mutum 300 duk shekara, ya sauko ƙasa da 300 a 2023, ya kuma tsaya a wajen 200 a 2024. Ba za a ba Safe Streets wannan yabo shi kaɗai ba. Yankunan da rassansa ke kula da su ƙaramin yanki ne na birnin, an fara wani shirin daban a 2022 da ke haɗa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da masu ba da tallafi, kuma kisa ya ragu a yawancin biranen Amurka a daidai wannan lokaci.

A Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta soke ɗaruruwan tallafin da ta riga ta amince da su, da yawa daga ciki na ƙungiyoyin da ke aikin katse tashin hankali a unguwanni ne, har da cibiyoyin da ke horar da ma'aikatansu. Ƙungiyar da kuɗinta ya ragu takan fara riƙe albashi, ta yafe horo na biyu da na uku, da kuɗin ƙarin lokaci, da likitan da ma'aikaci ke gani bayan ya ɗauki gawa.